Minti Ashirin a Takarda

Shekara goma sha ɗaya ke nan Anti tana dafa ganye a ɗakin gwaji na jami'a. Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan, har Farfesa, shugaban sashen, ya kama. Aikin ba ya canzawa: ta wanke ganyen gwaiba, ta tafasa, ta tace, ta ɗiga a ruwan gishirin azurfa. In ya yi, farin ruwan sai ya koma kalar shayi, alamar azurfar ta zama ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ake ɗigawa a farantin ƙwayoyin cuta, washegari a tarar da fili fes kewaye da ɗigon, ƙwayoyin cutar wurin sun mutu.

A hannun kowa, yau ya yi, gobe ya ƙi. A hannunta bai taɓa ƙi ba. Takarda ta ce a tafasa minti ashirin, ita kuwa hancinta ke gaya mata.

Da aka mayar da maigidanta wani gari mai nisa, ya tafi da yaran saboda makaranta, ta nemi canjin wurin aiki. Takardar neman canjin ta yi wata bakwai a teburin Farfesa.

"Anti, so kike ki bar ni da marayu?" in ji shi. "Koya wa sabon ma'aikacin nan. Ranar da ya yi shi kaɗai, ba ki taɓa komai ba, zan sa hannu."

Wata biyu tana koya masa. Mutumin kirki ne, amma agogo kawai ya yarda da shi.

"Shaƙa mana, Malam."

"Anti, ni hancina mura kaɗai ya sani."

Ranar gwajin, Farfesa ya zauna da takardar a gabansa, biro a buɗe. Ganyen na wata ɗaliba ne mai tsohon ciki, shi ne ragowar abin da ta tara, ga jarrabawarta saura sati ɗaya. Anti ta tsaya jikin bango, ta harɗe hannuwa a baya.

A minti na goma sha huɗu ƙamshin ya juya, alamar lokacin saukewa ya yi. Ma'aikacin yana kallon agogo. Ɗalibar tana kallon Anti. Anti ta ƙirga ɗaya, biyu, ta tuna ƙaramar 'yarta, ta cije leɓe. Ba ta san lokacin da ta taka ta kashe wutar ba.

Ruwan ya yi kala mai kyau, har ɗalibar ta rungume ta.

Farfesa ya rufe biro, ya mayar da takardar cikin fayil.

"Ma sake gwadawa bayan hutu."