Yadda Na Salwantar Da Rijiyoyin Baba

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da 'yan'uwana masu karatu. A ƙarshen shekarun 1980 ni matar aure ce a Tanut, da goyona ɗaya. Na yi kwalej a Damagaram har na koyi buga tafireta, shi ya sa nake ganin kaina wayayya. Maigidana sakatare ne a ofishin wani furoje, wato shirin bunƙasa kiwo, kuma a nan aka kawo kwamfutar farko da idona ya taɓa gani. Odinatar muke ce mata, ana lulluɓe ta da zane, ba ta aiki sai an tada injin wuta.

Mahaifin maigidana, wanda nake kira Baba, mai haƙar rijiya ne. Ya ƙarar da ƙarfinsa a kwarin Tarka, daga Belbeji har Gangara, sai da idanunsa suka mutu muka ɗauko shi wurinmu. Da farko ina ta jin nauyin suruki, shi ya ce mini makaho ba ya ganin mai sunkuyar da kai, in daina wahalar da wuyana. Tun ranar muka zama abokan hira. Ya san kowace rijiya da wanda ya haƙa ta, da gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa, da irin icen da in ka gan shi ka san ruwa na kusa. Tausayin kada wannan sani ya bi shi kabari ya kama ni. Maigidana ya roƙi shugabansu, aka yarje mana, duk Asabar da rana muna jan Baba zuwa ofis, ya zauna bisa tabarma yana faɗi ina bugawa. Yana tsokanata wai in gaya wa akwatin nan ya daina gunaguni in manya na magana. Wajen wata bakwai muka yi. Ban fitar da ko shafi ɗaya a takarda ba, kullum ina cewa sai mun kammala.

Sai wasiƙa ta zo daga masu sayar da na'urar a Yamai, cewa an fito da sabon tsarin da ke tafiyar da ita, wanda ya fi na da. Zaɓi biyu suka bayar. Ko a biya cikakken kuɗi, ma'aikacinsu ya zo ya kwashe aikin da ke ciki ya saka sabon, ko a biya rabi, a mayar musu da faya-fayan tsohon tsarin da na abin rubutun da ya zo tare da shi, su aiko da sababbi mutum ya saka da kansa. Shugaban ya yi tafiya ya bar wa maigidana zaɓi. Ya zo gida da wasiƙar na karanta, har na ga ƙaramin rubutu a ƙasa cewa wasu tsofaffin ayyuka ba lalle su buɗe ba. Wallahi na gani. Amma ina son a yabi mijina a ce ya yi tattali, ina kuma son in nuna na iya. Ya ce mu jira ma'aikacin, na yi masa dariya na ce ashe ɗan mai shiga rijiya yana tsoron akwati. Da hannuna na ɗaure tsofaffin faya-fayan aka ba direban ofis ya kai Yamai.

Sabon tsarin ya hau lafiya. Takardun ofis duk akwai su a rubuce, ba a yi asarar komai ba. Amma da na buɗe maganar Baba, sai wasu zane-zane marasa ma'ana. Muka rubuta wa Yamai, suka amsa cewa tsofaffin faya-fayai ba a mayarwa. Na yi kuka, na yi sallolin nafila, na kasa faɗa wa Baba.

Wata la'asar ya ce in karanto masa rijiyoyinsa ya ji. Na ɗauko farar takarda, na zauna gabansa ina karantowa daga kaina. Ya saurara har na kawo rijiya ta tara, sannan ya tsayar da ni ya ce akwatin ya tsallake guda biyu, ko dai shi ma ya tsufa ne. Nan na fashe da kuka na faɗa masa komai, har da ƙaramin rubutun da na gani na kau da kai. Sai ya yi dariya, ya tambaye ni to waɗannan taran daga ina suka fito. Na ce daga kaina. Ya ce ashe ba duka suka rufta ba, in tashi in nemo alƙalami, shi rijiya nawa ta rufta masa ya sake haƙa.

Muka sake farawa da littafin 'yan makaranta. Sai dai Baban na bara ba shi ne na bana ba. Sunaye suna kuɓuce masa, yakan tsaya ya ce in tuna masa, ni ma ban riƙe ba. Ko rabi ba mu kai ba, da damina Allah Ya karɓi abinsa. Bai taɓa yi mini gori ba, har ranar ƙarshe sakatariyata yake kirana. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Abin da na koya shi ne araha ba ta da laifi, ni ce na rufe ido a kan gargaɗi saboda son yabo. 'Yan'uwa, yau kowa da waya da kwamfuta, kullum ana cewa ku sabunta. Kafin ku taɓa, ku adana abin da ke ciki a wani wuri, ku karanta ƙaramin rubutun nan, kada ku miƙa tsoho sai kun ga sabo ya karɓi amana. In kuma kuna da tsoho a gida mai abin faɗa, ku zauna da shi yau. Bayan shekaru wasu makiyaya suka zo har ƙofarmu, sun ji an rubuta maganar Baba, suna tambayar inda ya ce akwai ruwa arewa da Belbeji. Na buɗe littafin a gabansu, wurin nan fari fat.