Shinkafar da Raelene ta Auna

Shekara ashirin da biyu Raelene Tuckwell ta yi tana ɗinkin kayan ninkaya da gyaran rigar mama a ɗan shagonta na bayan gida a garin Townsville. Duk matar unguwar da za a yi wa tiyatar ƙara girman mama, wurinta take fara zuwa a ɗura mata shinkafa. Likita zai faɗi girman da ya ga ya dace, Raelene ta auna ɗanyar shinkafa daidai haka a kofin awo, ta zuba a safa biyu masu shara-shara, ta ƙulle. Mace ta sa su a rigar mama ta yi kwana uku, ta je aiki, ta yi tuƙi, ta shanya wanki, ta ji ko za ta iya zama da nauyin.

Raelene ta taɓa ɗura wa kanta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta zaɓi mililita ɗari uku, har an sa rana, sai ɓarin jikin mahaifiyarsu ya shanye. Wadda aka yi wa wannan aiki ba ta ɗaga abu mai nauyi sai bayan mako shida, tsohuwa kuwa sai an ɗaga ta an kwantar. Ƙanwarta Kerryn tana can nesa a birnin Perth a lokacin, iyakarta bugo waya ran Lahadi. Raelene ta soke ranar. Shekara tara ta yi tana jinya. Bayan rasuwar tsohuwa ta koma asibiti, likita ya duba zuciyarta da magungunan da take sha, ya ce ba zai yi mata ba.

A bana Kerryn ta dawo gida, aurenta ya mutu. Wata Laraba ta shigo shago riƙe da ledar shinkafa, ta ce ta ga likita sau biyu, yanzu tana cikin kwana bakwai na jira da ƙa'ida ta gindaya kafin a sa rana. Ta roƙi yayarta ta ɗauko ta daga asibiti ranar tiyatar, ta kuma riƙa ɗaga mata kwandon wanki na mako shida.

"Nawa ya ce?" in ji Raelene.

"Ɗari uku. Rae, wannan fuska fa? Sai ka ce ke za a yanka."

Raelene ta juya baya ta ɗauki kofin awo. Ta zuba ɗari uku, ta ɗan tsaya, ta ƙara ɗari da hamsin a kowace safa. Nufinta Kerryn ta ji jiki ta fasa, su tsufa yadda Allah ya yi su, su biyun.

Da aka sa safar a rigar mama, ta ga ƙanwarta tsaye gaban madubin shagon tana juyi tana dariya, a daidai inda ita ma ta taɓa tsayawa. Har Kerryn ta ciro wata rigar ninkaya ja daga marataya ta kara a jikinta. Ba ta san rigar ba ta sayarwa ba ce. Raelene ce ta ɗinka wa kanta tun wancan lokacin, ba ta taɓa sawa ba.

Ran Asabar Kerryn ta dawo tana tausa kafaɗa. Igiyar rigar mama ta yi mata shaida ja, bayanta yana ciwo tun daga wuya. Amma ba ta fasa ba. Ta ce tunda ɗari uku ya yi mata nauyi haka, ran Litinin za ta ce wa likita ɗari biyu take so. Ta yi godiya, ta ce da ba don hannun yayarta ba da ta yi kuskure.

Raelene ta san abin da zai biyo baya, don ta sha gani. Mace ta farka daga tiyata ta ga bai kai yadda ta so ba, ta zo shago tana kuka a cusa mata soso a riga, ko ta koma a sake yanka ta. Ta so Kerryn ta rasa abin. Ba ta so a yanka ta sau biyu ba.

Ta miƙa hannu ta ce a ba ta safar. Ta kwance ɗaya, ta juye a kofin awo, ta tura gaban ƙanwarta. Shinkafar ta wuce layin ɗari huɗu.

Kerryn ta daɗe tana kallon kofin. Ta san yayarta ba ta kuskuren awo.

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi komai ba, Kez. Shekara tara ba ki yi komai ba."

Kerryn ta jawo kofin, ta auna ɗari uku da hannunta, sau biyu, ta ƙulle ta fita. Ran Litinin ta ce wa likita ɗari uku. A takardar asibiti, inda ake rubuta wanda zai ɗauke ta, ta soke sunan Raelene ta sa na maƙwabciyarta.

An yi aikin lafiya. Raelene ta ci gaba da ɗura wa mata shinkafa, sai dai yanzu tana sa su karanta layin kofin da idonsu. Rigar ja tana nan a rataye. Sau biyu Kerryn ta aiko tana tambayar ko za a sayar mata, Raelene ta ce ba ta sayarwa ba ce.