Ciyaman Ba Ya Taka Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar 'yan acaɓa ta bakin kasuwar Ikara ya ga Abdulbaƙi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan na gindin darbejiya, wanda in ya zauna a benci, sauran wurin sai dai a ajiye buta. Ciyaman ake ce masa. Ko matarsa Hindu, in tana son ta ja shi da tsiya, Ciyaman take cewa.

Ba fa haka aka haife shi ba. A Saulawa ya tashi, siriri kamar sillen kara, ɗan manomin tumatir. Tun yana shekara tara uban ke ɗora masa kwando a ka su tako har Ikara ranar kasuwa, su koma a ƙafa, faso ya tsattsaga masa dunduniya har tsakuwa na samun masauki a ciki. Ranar da ya mallaki babur nasa na kansa, yana ɗan ashirin da biyu, ya ce shi da tafiyar ƙasa sun yi hannun riga. Kuma ya riƙe maganarsa. Masallacin da ke bayan gidansa ma a babur yake zuwa.

Shekara goma sha tara yana acaɓa. Makarfi, Kudan, Gubuchi, Malikanchi, babu ramin da bai sani ba a hanya. Ya ɗauki mai naƙuda, ya ɗauki akuya, ya ɗauki buhun masara da mai buhun a sama. Sannan aka zaɓe shi shugaban ƙungiya, ya sauka daga babur ya hau benci, nan ne tumbi ya samu filin noma. Wanda ya kai fasinja Makarfi ya dawo masa da rake ko curin mazarƙwaila. Mai shayi kuwa ya san haɗinsa ba sai an faɗa ba: madara rabin gwangwani, suga sai cokali ya gaji.

A shekararsa ta farko ya kafa dokar da har gobe ake yabonsa a kanta. Wata rana ya hango wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka tana jan ƙafa a hanyar Malikanchi, babura uku marasa fasinja suka wuce ta. Sai ya tuna dunduniyarsa. Ya tara 'yan ƙungiya ya ce daga ranar, duk wanda ya ga dattijo a ƙafa, alhali babu fasinja a bayansa, bai tsaya ya rage masa hanya ba, za a karɓe makullinsa yini guda cur. Don kada a ɗauka wasa ne, yakan sa wani kawunsa ya fita da sanda yana ɗingishi a bakin titi, shi kuma ya laɓe bayan shago yana kallo. Har ya koya wa kawun cewa in an tsaya ya ce, "A'a, ku je abinku, takawa nake son yi," don a ga mai saurin yarda. Makullai da yawa sun yini a aljihun Ciyaman ta wannan hanya.

To, bara da damina ƙishirwa ta sa shi gaba. Ya sha ruwa ya zagaya, ya zagaya ya sha ruwa. Ranar da jiri ya kwashe shi a sahun la'asar ya kusa danne ladan, sai Hindu ta tasa shi zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Can suka tarar da Sista Lucia, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Ikara har Hausarta ta fi ta masu garin kaifi.

"Baba Ciyaman, hau sikeli."

Ya hau. Ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Ɗari da goma sha huɗu. Ka fi buhun masara, har da ƙarin tiya biyar."

"Sista, ƙashi ne da ni mai nauyi. Gadon gidanmu ne."

"Ƙashin ne ya zagayo ta gaba ya ɓoye zariyar wando?"

Hindu ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa bai yi dariya ba, don sista ta riga ta tsiyayi jini a yatsarsa ta faɗi abin da ta gani: ciwon suga ne, kuma ya yi sama sosai. Ta ba shi ƙwayoyi, ta hana shi rake da shayinsa, ta ce kowace safiya ya taka da sauri minti arba'in, har gumi ya fito.

"Wata uku na ba ka. In ka dawo bai sauka ba, allura ce. Kullum. Ba hutun Juma'a, ba hutun salla."

Mutumin nan ya taɓa korar ɓarayin babur uku da gora ɗaya, amma ranar da aka zo yi wa 'yan tasha rigakafi cewa ya yi yana da taro a Kudan, ya je ya yini a can babu taron komai. Shayi zai iya bari. Rake ma, da kyar. Allura kuwa, gara a ce masa ya tafi Zariya a ƙafa.

Washegari da hantsi ya sa sabon kambas, ya yi bisimilla ya fito. Ya wuce ƙofar gida, ya wuce kwata, ya kai turken lantarki. Taku sittin ke nan. Sai ga Hamisu, mataimakinsa a ƙungiya, ya taka birki har ƙafar baya ta zame.

"Subhanallahi! Ciyaman, lafiya? Ina mashin?"

"Yana gida. Motsa jiki nake yi. Je ka abinka."

Hamisu ya dube shi, ya leƙa bayan shago, ya yi murmushi.

"Haba ranka ya daɗe, ni za a ɗana wa wannan tarkon? Ni da nake karɓo maka makullai zamanin Kawu?"

"Kai, a asibiti aka ce in taka."

"Shi ma Kawu takawa yake son yi. Bisimilla, hau."

Ciyaman ya rantse. Hamisu ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce ya yarda, wallahi ya yarda, amma idon mutane fa? "In na wuce ka mai shayi ya gani, kafin azahar an ce Hamisu ya bar ubangidansa a ƙasa. A garin nan 'ya'yana za su yi aure, Ciyaman." Kafin su gama, babura biyu sun ƙara tsayawa, kowa na cewa nasa ya fi laushin kujera. Mutane suka fara taruwa. Ciyaman ya hau. Kambas ɗin ko ƙura bai ɗauka ba.

Kwana goma ana haka. In ya bi ta gabas a tare shi, in ya bi ta lungu a biyo shi. Mafi nisan da ya taɓa kaiwa shi ne injin niƙa, shi ma don an yi ruwa ne kowa ya fake.

Sai ya canja dabara. Ya saɓa fartanya a kafaɗa, don a ga kamar da abin da zai je yi, ya bi hanyar gonaki inda babu titi. Ya manta cewa a gona akwai manoma. Duk wanda ya hango shi sai ya ajiye aiki ya tako ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya jama'ar tasha, an ce an ji jiri, Allah ya ƙara sauƙi. Kai kuma ba ka wuce mutum yana durƙushe. Cikin minti arba'in, talatin a tsaye ya yi su yana amsa "lafiya lau". Wani ya saro masa rake biyu, kyauta kuwa ba a mayar da ita, ya haɗa da fartanyar ya saɓa. Wani bawan Allah kuma, don tsabar tausayi, ya buga waya tasha ya ce ga Ciyamanku nan cikin fadama a ƙafa. Ashafa, wanda ya fi kowa gudu a ƙungiya, shi ya ratso kunyoyi, ya faɗi sau biyu a taɓo kafin ya iso. Mutumin da ya yi wanka da laka saboda kai, da wane baki za ka ce masa ba ka hawa?

Ya koma tsakar gida. Daga zaure zuwa ɗakin girki taku goma sha huɗu ne, in ka kauce wa akuya goma sha shida. Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo. Kwana huɗu ya yi. Hindu kuwa awara take soyawa, matan unguwa ne masu shigowa saye. In sun yi sallama suka ga maigida da singileti yana huci yana zagaye, sai su juya.

"Malam, ko dai ka zauna ko ka fita," in ji ta. "Tun da ka fara juyin nan kamar dokin matse rake, awarata ke kwana."

"Allurar kike so mini ke nan?"

"Ni ba na so maka. Amma kai ka ɗaure kanka, sai ka je ka kwance."

Maganarta ta shige shi. Ranar Asabar ya kira taron ƙungiya a gindin darbejiya, ya faɗi komai, har da sikeli, har da allura. Ya ce yana roƙo a cire sunansa daga cikin dattawan da doka ta shafa. Sannan Hamisu ya miƙe, idonsa ya yi ja.

"Jama'a, kun ji tawali'u. Mutumin da ya hana iyayenmu tafiyar ƙasa, yau shi ke roƙo a bar shi a rana. In muka yarda, 'yan tashar Makarfi su ce mana me?"

Aka ɗauki kabbara. Aka ɗaga hannu, babu wanda ya goyi bayan Ciyaman sai Ciyaman. Ransa ya ɓaci, ya buga benci ya ce to ga sabuwar doka: duk wanda ya sake ce masa "hau", makullinsa zai yi kwana uku.

Da safe ya fito, babu wanda ya ce masa hau. Ya wuce turken lantarki, ya wuce injin niƙa, ƙirjinsa ya fara buɗewa, gumi ya tsattsafo. Rabonsa da jin iska irin wannan tun yana ɗaukar kwando. Sai ya ji ƙugin inji a bayansa. Ya waiwaya. Hamisu ne, yana tafe a hankali, ƙafafunsa na jan ƙasa. Bayansa Ashafa. Bayan Ashafa wasu shida.

"Me na ce muku jiya?"

"Ba mu ce komai ba, ranka ya daɗe. Rakiya ce. Ita ba ka hana ba."

Kafin ya kai kwanar kasuwa sun zama ashirin da wani abu, suna binsa a jere, hayaƙinsu na shigar masa hanci. Masu shaguna suka fito suna tambayar wa ya rasu. Wani ya ce ai takarar kansila zai fito. A tasha kuwa babu babur ko ɗaya: ga mata da kwandunan tumatir, ga wani malamin makaranta yana duba agogo, ga wata mai ciki zaune a kan dutse ta dafe ƙugu. Ciyaman ya tsaya ya dube ta. Ya dubi kambas ɗinsa da ya fara yin ƙura. Ya ɗaga ƙafa ya hau bayan Hamisu, ya ce wa sauran su je su ɗauki mutane.

Daga ranar bai sake gwadawa a titi ba.

Da wata uku suka cika, sikeli ya ce ɗari da goma sha biyu. Sugan ya ɗan sunkuya, amma bai sauka inda ake so ba. Sista Lucia ba ta yi masa tsiya ba wannan karon, shi ya fi tsorata shi. Ta ɗauko abin allurar, ta kira Hindu kusa ta nuna mata yadda ake tsunkule fatar ciki a soka. Ciyaman ya kafe ido a silin yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

"An gama, Baba. Amma fa ba ta ɗauke maka tafiya ba. In ba ka taka, ƙara ta za mu yi ta yi."

"A ina zan taka, Sista? Ki nuna mini wuri ɗaya a ƙasar Ikara."

Sai ta nuna masa barandar asibitin da biro. Maigadi ba ya barin babur ya wuce get, ko na wane ne.

Taku ashirin da biyu ce, daga ɗakin kati zuwa tankin ruwa. Yanzu kowace safiya Hindu ta soka masa allurarsa, ya sa kambas, Hamisu ya ɗauko shi a babur daga ƙofar gida har bakin get. Sai ya shiga ya yi ta kai da komo tsakanin masu jiran awo, yana amsa gaisuwa da hannu. Hamisu na waje, ya kashe inji, yana jira ya mayar da shi benci.