Rinin Minti Goma

Har gobe ina tuna wata Talata a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. A lokacin ni ne babban ma'aikaci a ɗakin gwajin tsoka na wani asibiti kusa da Gyadi-Gyadi. Ga wanda bai san aikin ba: idan likita ya ciro ƙari daga jikin mutum, mu ake kawo wa. Mu jiƙa shi a magani, mu daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, mu yanka siriri, mu rina a kan gilashi, sannan likitan gwaji ya duba ya ce kansa ce, wato ciwon daji, ko ba ita ba. Kwana huɗu zuwa biyar ake yi, kuma ina alfahari da kwanakin nan.

Sai aka kawo mana Dakta Saratu, 'yar Filato, da sabuwar dabara. A sanyaya tsokar a inji har ta ƙanƙare, a yanka, a rina, a ba da amsa cikin minti goma mara lafiya na kwance a tiyata. Na ce mata, "Likita, ko shayi ai sai an bari ya jiƙu." Ta yi dariya ta ce, "Baba Sabo, kai dai koya."

Na koya, ina gunaguni.

Ranar Talatar aka aiko da tsoka daga tiyata, ƙari ne daga mama. Likitan fiɗa yana jira: in kansa ce a cire maman gaba ɗaya, in ba ita ba a ɗinke. Na duba takardar, sai na ga sunan Hajiya Kande ta Unguwa Uku, wadda shekara takwas wainarta nake karyawa da ita.

Na sa tsokar a inji ta ƙanƙare, na hau yanka. Yankan farko ya naɗe kamar tabarma. Na biyu ya yage. Dakta Saratu ta ce, "Baba, numfasa." A na uku na samu, na tsoma a rini, garin sauri na kifar da kwalbar shuɗi a hannuwana. Ta ɗora gilashin a madubin nan mai ƙara girman abu, ta yi ta dubawa har na ji kamar in ƙwace in duba da kaina. Can ta ɗaga waya ta ce, "Ba kansa ba ce. Ku ɗinke."

Da na koma gida Tarauni, maiɗakina ta kalli hannuwana ta ce, "Malam, marina ka koma ba ka faɗa mana ba?"

Amma raina bai kwanta ba. Na ɗauki ragowar tsokar na bi da ita ta tsohuwar hanya, da niyyar in kama kuskure in nuna wa yarinyar nan Saratu. Ran Asabar na kai mata gilashin ina ta sunkuyar da kai. Ta duba, amsa ɗaya. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Baba, ai tun Talata naka nake jira. Da ba ka yi ba, da ni zan roƙe ka."

To, ku matasa, abin da na koya ke nan. Mai sauri yana tsayawa ne gaba gaɗi don ya san akwai mai bi a hankali a bayansa. Kuma kowace tsoka da ta zo teburinku, ku karanta sunan da ke takardar kafin ku ɗauki wuƙa.