Kufai, Ba Kifaya Ba

Shekarata saba'in da takwas a bana, abin da zan faɗa kuwa shekara biyu ke nan da aukuwarsa, a gidana da ke unguwar Harra ta Yamma a Madina, inda nake zaune tun da na ajiye koyarwa a jami'a.

Jikana na fari, haifaffen Madina, ya dawo daga Sikotlan da digiri na biyu. Da aka ce mini tarihi yake karantawa, na zaci na Andalus ne. Ashe na waɗansu manoma ne masu harshen da ake kira Gelik, waɗanda shugabanninsu suka tasa daga ƙauyukansu domin tumaki su sami makiyaya. Izinina ya zo nema ya koma ya yi digirin digirgir a kansu, gama ubansa ya ce ba inda za shi sai na yarda.

Bayan la'asar ya buɗe kwamfutarsa a kan darduma, kusa da farantin dabino. Uwargidana tana zaune, haka ma maƙwabcina, wani Badamagare mai aikin harhaɗa magunguna, wanda ya shigo shan shayi. Yaro ya shiga nuna mana hotuna: katangun dutse babu jinka, ciyawa ta cinye murhu, tumaki suna kiwo a inda dā ake haihuwa. Bayaninsa duka da Larabci, yana yayyafa Turanci kamar gishiri.

Kakarsa ta tsokane shi, ta ce, "Maigida, yi mana da Hausa mana. Ko sakina ka yi ban sani ba?"

Ya ce, "Ma'alesh, ya sitti," wato yi haƙuri kaka, ya ci gaba da Larabcinsa.

Ban musa cewa an zalunci mutanen nan ba. Shugaban da ya fifita ulu a kan talakansa, ya sa aka cinna wa rufin ɗakunansu wuta, ya tura su bakin teku, bai cancanci ko tsaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muryar yaron ta yi rawa sa'ad da ya ce mafi ciwo, jikokinsu da yawa ba su jin Gelik. Da Larabci ya faɗi wannan, a gaban kakarsa.

Daga nan ya tsaya a kan wani hoto, ya yi mana alfarmar jimla guda da Hausa: "Ya sidi, irin wannan wuri, Hausa babu kalima."

Na dube shi, na ce, "Kufai."

Nan take ya rufe kwamfuta, ya sunkuyar da kai. "Hadir, ya sidi. Asif," wato na ji, kaka, a gafarce ni. Kunnensa kifaya ya ji, wato ya isa haka da Larabci.

Badamagare ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Malam, jikanka ya ce ka ƙoshi da karatu!"

Ni ban yi dariya ba. Ina da shekara tara dogarai suka zo ƙauyenmu da umarnin a tashi, za a yi gandun daji. Mahaifiyata ta ɗauki tukunya, ta bar dutsen niƙa don nauyinsa. Da na koma ina saurayi, da shi na gane ɗakinmu. Na daɗe ina jiran jikan da zan danƙa wa sunan wurin nan, don cikin waɗanda suka kwana a can ni kaɗai na rage.

Kakarsa ce ta ji tausayinsa. "Kufai, maigida, garin da aka tashi aka bari. Kakanka ma ɗan kufai ne, korar su aka yi."

Ya ɗago da sauri, na ce a raina to, ga tambayar da nake jira nan. Sai ya tambaye ni ko akwai masdar, wato rubutacciyar madogara da za a iya kafa hujja da ita.

Madogarar kuwa, wato ni, tana zaune a gabansa tana tauna dabino.

Na ce, "Je ka, na yarda. Allah ya ba da sa'a." Mutanen da harshensu ya kuɓuce wa jikokinsu, ai sun sami marubucin da ya dace da su. Ya sumbaci kaina, ya fita yana buga wa ubansa waya. Sunan ƙauyenmu bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba.

A gaban uwargidana aka yi wannan, da Badamagaren nan, wanda har yau in na miƙa masa kofi na uku sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kufai, Malam."