Kartin Baba Ahmudu da ordinatar Yaya Sale

Yau shekara goma sha huɗu da muka kai Yaya Sale makwancinsa a bayan garin Arlit. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga wani ƙauye na yankin Tawa. Ban yi lakol mai nisa ba, aji huɗu na tsaya, kuma aikina tuƙa kar ɗin ma'aikatan ma'adinai ne har ranar da aka ce mu ajiye makulli. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri. Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki bik ba. Haushi ya fi yawa.

Shekaranjiya a fadarmu ta shayi, maƙwabcina Isufu, mutum da furfurarsa, ya miƙo mini salula yana murna. Wai an turo masa saƙo, in ya latsa za a sa shi cikin masu samun taimakon hatsi. Ya riga ya latsa. Wani abu ya sauka cikin salular, ya nemi ganin hotunansa, ya ba shi. Ya nemi lambobin mutanensa, ya ba shi. Ya nemi ya riƙa jin magana, shi ma ya ba shi. Da na tambaye shi wa ya turo, sai ya ce surukinsa ne, ko ina nufin surukinsa ɓarawo ne? Na ajiye kofi na tashi, don irin wannan maganar ni ma na taɓa yin ta, kuma na san abin da ta jawo.

Yaya Sale a rami ya yi aiki, shi ne mai yawo da na'urar auna ƙura. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallami mutane, ya samo tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya kafa rumfa kusa da tasha. Yana buga wa mutane wasiƙa, yana zuba musu wa'azi da kiɗa a karti memuwar. Dokarsa ɗaya ce. Ba kile, wato filash, ko kartin da zai shiga babbar ordinatar sai ya fara bi ta wata ƙarama da ya ajiye a gefe, mai antibirus. Yana kiran wannan wanka. Ko liman ne ya zo, sai kartinsa ya yi wanka.

Mutane suka ce girman kai ne. A garin da ake cin tuwo a kwano ɗaya, kofin shayi ɗaya ya zaga mutum goma, direba ba ya wuce wanda motarsa ta mutu a hanya, wai shi ne zai riƙa duba kayan mutane kamar ɗan duwan mai binciken kaya a kan iyaka. Ni ma na faɗa masa haka. Bai yi fushi ba, tambayata ya yi ko na taɓa ganin ƙurar rami da idona, wadda na'urarsa ke kuka saboda ita. Na ce a'a. Ya ce amma ai kowa na cire kayan aiki ya yi wanka kafin ya hau motata, don kada ya kai wa iyalinsa. To birus haka yake. Ba aljani ba ne, ba zafin rana ba ne. Wani ne ya zauna ya rubuta shi da gangan, kuma yana haihuwar kansa daga karti zuwa karti. Akwai mai cinye takardu, akwai mai ɓoye su. Wanda ya fi tsoro shi ne mai zama shiru yana kai rahoton duk abin da ka rubuta. Lokacin tawaye ne, kowa ya san abin da mai kai rahoto ke nufi, don ko a fada sai an waiwaya kafin a yi magana. Na gyaɗa kai kamar na gane.

A wannan lokacin tsofaffin ma'aikata masu tari suka fara haɗa dosiye, don a sa su cikin waɗanda za a tura Yamai wajen likitan ƙirji. Takardar shaidar aiki, littafin awon ƙura, hoton ƙirji. Yaya ya ɗauki hoton kowace takarda ya sa a ordinatar, har da nasa, don shi ma tarin ya kama shi. Aka tura takardun asali cikin ayarin motoci. A hanya aka tare motar, aka kwashe kaya. Har yau ban san su wa suka yi ba. Abin da ya rage shi ne na cikin ordinatar. Yaya ya shiga kwafe wa kowa nasa a faifai yana ba shi a hannu. Nasa ya bari sai ƙarshe, wai ai nasa a gida yake.

Kafin ya kai ga nasa, tarin ya tsananta, aka kai shi Agadas. Ya ba ni makullin rumfa, ya ce in buɗe in share rairayi, in rufe. Kada in sa komai.

Rana ta uku Baba Ahmudu ya iso daga Gugaram. Wannan dattijon shi ya saukar da mu lokacin da muka zo arewa ba mu san kowa ba, wata biyu muna shan nonon raƙumansa. Fari ya kashe masa dabbobi, sauran sun ɓace wajen neman ruwa. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da karti. A ciki akwai hoton raƙuman da shaidar da ke wuyansu, yana so a buga a takarda ya raba wa direbobi.

Na tuna da wankan. Ƙaramar ordinatar tana nan, na ma san inda ake kunna ta. Amma dattijon na tsaye yana kallona, ya zo tafiyar yini da ƙishirwa. Na ji kunyar ya ga ina duba kayansa kamar na mai cuta. Na sa kartin kai tsaye cikin babbar, na buga masa takardunsa, ya sa mini albarka ya tafi.

Da Yaya ya dawo ya kunna, sunayen takardu sun koma wasu alamu, wanda ya taɓa sai ya ƙi buɗewa. Kwana uku yana fama, yana tari yana latsawa. Bai ceto ko shafi ɗaya ba. Sai ya juyo ya ce, "Kartin wa ka sa?"

Na ce, "Yaya, Baba Ahmudu ne fa."

"Baba Ahmudu mutumin kirki ne. Kartinsa salula nawa ya shiga kafin ya zo nan?"

Ya dai hana ni faɗa wa dattijon, kuma har Baba Ahmudu ya rasu bai sani ba. Waɗanda ke da faifai suka sake haɗa dosiye, aka tura wasunsu Yamai. Yaya ba shi da abin nunawa, sunansa bai fito ba. Wata bakwai bayan nan ya cika. Ko da ya je zai warke? Allah kaɗai ya sani, kuma ban ce na fi ƙaddara ba. Amma hannuna ne ya sa kartin, wannan ba sai wani ya tuna mini ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Da can sai mutum ya tako da ƙafarsa ya kawo maka cutar a karti. Yanzu tana zuwa da kanta har cikin aljihu, da sunan ɗan'uwanka a samanta. Masu kabu-kabu, masu zuwa haƙar zinariya, matan gida, duk abin da aka turo sai a latsa, a tura wa mutum ashirin don neman lada. A kira ka a ce daga ofishi ne, ka karanto lambar sirrin da ta shigo maka, kai kuma ka karanta tiryan-tiryan saboda muryar mai ladabi ce. Mu da muka shekara muna rage murya don tsoron mai kai rahoto, yau mu ke saya masa caji, mu kwantar da shi kusa da matashin kai. In ka yi magana a ce kana zargin Musulmi. Wa ya ce surukinka ne ya rubuta abin? Shi ma ɗauko shi ya yi bai sani ba.

Me ya rage na Yaya Sale? Rumfar an rushe ta. Matarsa Hadi ta lulluɓe ƙaramar ordinatar da zane, ta ƙi sayarwa. Akwai tsofaffi biyu a unguwarmu da har yau faifansu na cikin akwati, da rubutun hannunsa a kai. Sai kuma ni, da na koyi darasin bayan mai koyarwar ya tafi.

Yau da safe Isufu ya buga mini ƙofa. Salularsa ta kwana tana aika wa mutane saƙon hatsin nan da sunansa, har 'yarsa da ke aure a Damagaram ta latsa. Na ce ya je wajen mai gyara a wanke ta gaba ɗaya, ya kuma kira mutanensa ɗaya ɗaya ya gaya musu. Ya ce to, amma in ara masa tawa ya sa kartinsa a ciki, kada hotunan jikokinsa su ɓata.

Na ce, "Ba zan ara ba, sai an duba shi."

Ya ce ashe girman kan gidanmu bai mutu ba. Na ce Allah ya sa. Na zuba masa shayi a kofin da na sha, salulata kuwa tana aljihu. Allah ya ji ƙan Yaya Sale, ya sa ya huta.