Hannuna da Bangon Ɗaki

Shekarar da aka cire mini nonon dama a asibitin Sakkwato, ina da jikoki huɗu. Malamar asibiti ta ce a wasu ƙasashe ana yanko naman baya a gina wani. Na ce mata ni dai a sallame ni. Kafin mu fito ta tsayar da ni gaban bango, ta ce, "Inna, kullum safe da yamma ki ɗora yatsunki nan, ki riƙa hawa da su a hankali. In kika bari, kafaɗar za ta ƙage."

Na ce to. Da na dawo Gwandu ban yi ba. Mace mai furfura ta tsaya tana rarrafe a bango da yatsu kamar ƙadangare, yara suna leƙe? Sai na cusa auduga a riga, na naɗe hannun a ƙirji, na rufe da mayafi. Wata bakwai yana nan. Kowa ya tambaya, in ce da sauƙi.

Ana nan, sai autata da ke aure a Kalgo ta zo gida haihuwar fari. Wankan jegonta nawa ne, ni na yi wa yayyenta. Ta sauka lafiya, uwar mijinta ta zo barka ta kwana. Da safe ruwa ya tafasa, na tsoma ganyen dogon yaro, na zo ɗagawa in watsa mata a baya, hannu ya tsaya daidai haƙarƙari. Na sake. Ruwan ya zube a ƙafafuna.

Uwar mijin ta karɓi ganyen ba tare da ta dube ni ba. "Kawo, Yaya, huta. Ai mu ma ɗiyarmu ce."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na zauna kan turmi ina jin ƙarar ruwa a jikin ɗiyata. Da suka fito, yarinyar ta ce a hankali, "Inna, ba kin ce ya warke ba?"

Ranar na shiga ɗaki, na saki asabari, na fuskanci bango. Yatsu suka hau kamu ɗaya, hawaye ya zubo. Na ja layi da gawayi. Washegari na ɗara shi da faɗin yatsa. Wani lokaci kwana uku layin bai motsa ba. Daga baya zafin gari ya sa na daina sakin asabarin, yara suka leƙa har suka gaji.

Matar nan ba ta koma Kalgo ba sai da ta yi kwana talatin da bakwai tana wanke mini ɗiya. Kwana ukun ƙarshe ni na yi. Hannun bai wuce kunnena ba, ruwan ma rabi a ƙasa yake sauka.

"Inna, kin bar nan," in ji ɗiyata, tana nuna kafaɗarta.

Na sake tsoma ganyen.